Mutuwar Jesse James: Maƙarƙashiyar da Aka Ƙulla da Wadda Aka Ƙaga

1.0 Gabatarwa

Ranar 3 ga Afrilu, 1882, a garin St. Joseph na Jihar Misuri ta ƙasar Amurka, wani saurayi mai suna Robert Ford ya harbi mai masaukinsa a ƙeya, ya faɗi matacce nan take. Maƙwabta sun san mamacin da sunan Thomas Howard. Kafin rana ta faɗi labari ya game ƙasa cewa wannan Howard shi ne Jesse James, ƙasurgumin ɗan fashin da hukuma ta shafe fiye da shekara 12 tana nema ruwa a jallo. Tun ba a rufe kabarinsa ba aka soma raɗe-raɗin cewa gawar ta wani ce dabam, kuma har yanzu akwai masu riƙe da wannan ra'ayi.

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu auna wannan gardama da ma'aunin ilmin tarihi. Abin da muke so mu nuna wa mahalarta wannan taro shi ne, zancen maƙarƙashiya a mutuwar Jesse James iri biyu ne, kuma sau da yawa akan cakuɗa su. Akwai maƙarƙashiyar da aka ƙulla domin a kashe shi, wadda bayanan zamanin suka tabbatar. Akwai kuma wadda aka ce shi da kansa ya ƙulla domin ya ɓace, wadda ba ta da madogara. A ganinmu, ta biyun ta sami ƙarfinta ne daga ta farkon, kuma wanda bai rarrabe su ba zai faɗa ɗayan ramuka biyu: ko dai ya gaskata kome, ko kuwa ya ƙaryata kome.

2.0 Taƙaitaccen Tarihinsa

An haifi Jesse James ranar 5 ga Satumba, 1847, kusa da garin Kearney a gundumar Clay ta Jihar Misuri. Mahaifinsa mai wa'azin Kirista ne, ya rasu a Kalifoniya a 1850, mahaifiyarsa Zerelda kuwa ta ci gaba da riƙon gonarsu, inda suke da bayi. Da Yaƙin Basasar Amurka ya ɓarke a 1861, Misuri ta rabu biyu, maƙwabci ya ɗauki bindiga a kan maƙwabcinsa. Gidan su Jesse ya bi ɓangaren Kudu, watau masu son a ci gaba da bauta. Wansa Frank ya shiga 'yan sari-ka-noƙe, shi ma Jesse ya bi sahu a 1864 yana ɗan shekara 16, a ƙarƙashin wani madugu mai suna Bill Anderson wanda ya yi ƙaurin suna wajen zub da jini.

Bayan an gama yaƙi a 1865, waɗansu daga cikin waɗannan mayaƙa suka juya ga fashin bankuna da jiragen ƙasa. Sunan Jesse ya soma fitowa a jaridu bayan fashin bankin Gallatin a watan Disamba 1869, inda aka kashe ma'ajin bankin. A nan ne wani editan jarida a Kansas City, John Newman Edwards, wanda shi ma tsohon sojan Kudu ne, ya ɗauki alƙalaminsa ya shiga wanke shi, yana nuna shi a matsayin jarumin da azzaluman Arewa suka tura daji. A watan Janairu 1875 ma'aikatan kamfanin binciken asiri na Pinkerton suka kai hari gidan mahaifiyarsa da dare, suka jefa wani abu mai wuta wanda ya fashe a ciki, ya kashe ƙaninsa Archie ɗan shekara 8, aka kuma yanke wa tsohuwar hannu. Wannan aika-aika ya jawo masa tausayin jama'a fiye da duk abin da Edwards ya rubuta.

Ƙungiyarsa ta farko ta watse ne ranar 7 ga Satumba, 1876, sa'ad da mutanen garin Northfield na Jihar Minnesota suka yi musu ruwan harsashi a ƙofar banki. Jesse da Frank suka tsira, suka koma Jihar Tennessee da zama a ƙarƙashin sunayen aro. Da Jesse ya dawo fashi a 1879, sai ya tara sababbin yara waɗanda ba su yi yaƙi tare da shi ba, ba su kuma da wata amana tsakaninsu da ta wuce rabon ganima. A cikinsu ne Charley Ford da ƙaninsa Robert suka shigo.

3.0 Maƙarƙashiyar da Ta Tabbata

A 1881 Thomas Crittenden ya hau kujerar gwamnan Misuri da alkawarin kawar da 'yan fashi, domin sunan jihar ya ɓaci har masu jari suna gudunta. A watan Yuli na wannan shekara aka tare jirgin ƙasa a Winston, aka kashe kwandasta. Da yake doka ba ta yarje wa gwamna ya sa babban tukuici daga baitulmali ba, sai ya nemi kamfanonin jiragen ƙasa su zuba kuɗin. Aka yi shelar dala 5,000 ga wanda ya miƙa Jesse ko Frank ga hukuma, da ƙarin dala 5,000 in kotu ta same shi da laifi. Ya kamata a lura cewa shelar ta yi maganar kamu da hukunci ne, ba ta ambaci kisa ba.

A watan Disamba 1881 rigima ta tashi a cikin ƙungiyar, Dick Liddil da Robert Ford suka harbe Wood Hite, wanda ɗan gwaggon Jesse ne. Daga ranar nan rayuwarsu ta shiga haɗari ta fuska biyu, watau igiyar hukuma da bindigar Jesse. A watan Janairu 1882 Robert Ford ya gana da gwamna a asirce a wani otal a Kansas City, shi kuma Liddil ya miƙa kansa ga shugaban 'yan doka na gundumar Clay, James Timberlake, aka ɓoye labarin. Daga baya Ford ya ce gwamna ya yi masa alkawarin tukuici da afuwa ko ya kawo Jesse da rai ko a mace. Gwamna bai musanta ganawar ba, amma ya ce shi bai umarci kowa da kisa ba.

Ran da abin ya faru, 'yan'uwan nan biyu suna zaune a gidan Jesse, suna cin abincin da matarsa ta dafa, ana shirin fashin wani banki a Platte City. Bayan karin kumallo Jesse ya kwance bindigoginsa ya ajiye a kan gado, ya taka kujera domin ya kaɗe ƙurar wani hoto a bango, sai Robert ya harbe shi ta baya. Nan da nan suka buga wa gwamna waya, suka miƙa kansu. Ranar 17 ga Afrilu aka gurfanar da su, suka amsa laifin kisan kai, aka yanke musu hukuncin rataya, kafin yamma kuma takardar afuwar gwamna ta iso. Duk a yini guda.

Wannan ita ce maƙarƙashiyar da ta tabbata: shugaban jiha, da kuɗin kamfanoni, da masu laifin da aka saya da afuwa. Abin da ya rage a yi gardama a kai shi ne iyakar abin da gwamna ya furta a ɗakin otal ɗin, gama ba mu da shaida sai bakin mutanen da kowannensu yana da abin da yake karewa. Amma saurin afuwar ya isa ya nuna cewa an riga an shirya ta. Jaridu da yawa sun yi tir da abin, har da waɗanda ba sa ƙaunar Jesse, saboda suna ganin hukuma ta ɗauki hanyar 'yan fashi domin ta kawar da ɗan fashi.

4.0 Da'awar Cewa Bai Mutu Ba

Masu da'awa ta biyu suna cewa kisan wasan kwaikwayo ne. A faɗarsu, Jesse da gwamna da 'yan gidan Ford sun haɗa baki, aka kashe wani mai kama da shi, matarsa da mahaifiyarsa suka yi kukan ƙarya a kan gawar baƙo, shi kuwa ya sulale ya canja suna. Waɗansu sun ƙara da cewa shi babban jami'i ne a wata ƙungiyar asiri ta 'yan Kudu mai suna Knights of the Golden Circle, kuma ya ɓace ne domin ya tsare zinariyar da aka binne don tayar da yaƙi na biyu. Ƙungiyar kam ta wanzu a shekarun 1850 da lokacin yaƙi, amma wanzuwarta ba ta zama hujjar sauran labarin ba.

Mutane da dama sun fito sun ce su ne Jesse, amma wanda ya fi shahara shi ne wani tsoho mai suna J. Frank Dalton, wanda ya bayyana a garin Lawton na Jihar Oklahoma a watan Mayu 1948, ya ce shekarunsa 100. Ya ce wanda aka kashe a St. Joseph wani ne mai suna Charlie Bigelow. Jarida ta buga, jama'a suka yi cincirindo domin su gan shi. Ba da daɗewa ba wani mai suna Rudy Turilli, manajan kogon Meramec a Misuri, wurin da ake tallatawa ga 'yan yawon buɗe ido a matsayin maɓoyar Jesse James, ya ɗauko tsohon ya zaunar da shi a can. Dalton ya rasu a Granbury ta Jihar Teksas ranar 15 ga Agusta, 1951, kuma dutsen da ke kan kabarinsa sunan Jesse James yake ɗauke da shi.

Hujjojin da akan kawo su ne: tabon harsashi a jikin tsohon, da rantsuwar waɗansu tsofaffi cewa sun gane shi, da saninsa da labaran ƙungiyar, da kuma tambayar da sukan yi cewa ta yaya mutum mai tsantseni kamar Jesse zai ajiye bindiga ya juya wa baƙo baya.

5.0 Auna Hujjoji

5.1 Shaidun 1882

Ƙa'ida ta farko a ilmin tarihi ita ce a fifita shaidar da ta fi kusa da abin da ya faru. An yi zaman binciken musabbabin mutuwa a St. Joseph a bainar jama'a. Matarsa ta ba da shaida, mahaifiyarsa ta taso daga Kearney ta ga gawar ta ce ɗanta ne, haka kuma waɗansu da suka san shi tun zamanin yaƙi. An ga tabo biyu na harsashi a ƙirji, daidai da raunukan da ya samu a 1864 da 1865, an kuma ga cewa kan ɗan yatsansa na tsakiya a hannun hagu ya guntule, alamar da aka san shi da ita. An ɗauki gawar hoto, ɗaruruwan mutane sun gan ta. Domin da'awar Dalton ta tsaya, dole ne a ce duk waɗannan mutane, masoyansa da maƙiyansa, sun yi ƙarya iri ɗaya a rana ɗaya, sa'an nan kowa ya kama bakinsa har ya shiga kabari. Sunan Bigelow kuwa bai fito a bayanan wannan bincike ba. Waɗanda suka ce gawar ta Wood Hite ce sun manta cewa an tono tasa gawar dabam a gonar da aka kashe shi.

5.2 Abin da ya sami waɗanda abin ya shafa

Ƙa'ida ta biyu ita ce a dubi ayyukan mutane bayan abin ya wuce, gama aiki ya fi baki wuyar ƙarya. Matar Jesse ta yi gwanjon kayan ɗakinta, ta rayu cikin talauci da 'ya'ya biyu har ta rasu a 1900. Mahaifiyarsa ta sa aka binne shi a tsakar gidan gona inda idonta zai riƙa ganin kabarin, don tsoron masu satar gawa. Wansa Frank, da ya ga ba sauran mafita, ya je Jefferson City ranar 5 ga Oktoba, 1882, ya miƙa bindigarsa ga gwamna hannu da hannu. Charley Ford ya kashe kansa a 1884. Robert kuwa bai sami sai ɗan kaɗan daga tukuicin ba, ya riƙa yawo yana kwaikwayon kisan a dandali ana yi masa ihu, har aka harbe shi a garin Creede na Jihar Kolorado ranar 8 ga Yuni, 1892. Da a ce bai kashe Jesse ba, kalma guda ta isa ta wanke shi daga sunan maci amana da ya bi shi shekara 10. Bai taɓa furta ta ba.

Game da ajiye bindiga kuwa, ba abin mamaki ba ne mutumin da yake zaune cikin gari da sunan aro ya guji maƙwabta su hango shi da makamai a ƙugu. Ko da ba mu san abin da ke zuciyarsa a wannan safiya ba, rashin sanin dalilin wani aiki ba ya zama hujjar cewa aikin bai faru ba.

5.3 Shaidun 1948

Idan muka ɗora shaidun Dalton a kan wannan ma'auni, za mu ga sun zo ne bayan shekara 66, daga bakin tsofaffin da aka nemo, a ƙarƙashin kulawar mutanen da ke samun kuɗi daga masu zuwa kallo. Labaran da Dalton ya sani an riga an buga su a littattafai da jaridu. Shi kansa kafin 1948 ya taɓa cewa shi ne wani Frank Dalton, jami'in tsaron da aka kashe a 1887. A 1950 aka kai ƙara wata kotu a Misuri domin a mayar masa da sunan Jesse James, alƙali ya ƙi. A 1967 Turilli ya yi shela a talabijin cewa zai ba da dala 10,000 ga duk wanda ya tabbatar ba gaskiya yake faɗa ba. Surukar Jesse, watau matar ɗansa, tare da 'ya'yanta suka kawo hujjojinsu, ya ƙi biya, suka kai shi kotu suka yi nasara, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar da hukuncin a 1971.

5.4 Shaidar kimiyya

A 1902 an ɗauke gawar daga gona aka mayar da ita maƙabartar Mount Olivet a Kearney. A watan Yuli 1995, da iznin kotu, wani ayarin masana a ƙarƙashin Farfesa James Starrs na Jami'ar George Washington ya tono kabarin domin gwajin sinadarin gado da ake kira DNA. Sun yi amfani da wani nau'insa wanda mutum ke gada ta wajen uwa kaɗai, yana bin tsatson mata daga kaka zuwa jika ba tare da ya gauraya da na uba ba. Ƙasusuwan sun lalace saboda damshin ƙasa, ba su ba da abin da za a gwada ba. Amma haƙora biyu daga cikin huɗu, da silin gashi biyu da aka samo a tsohon kabarin gona a 1978, sun ba da sakamako iri ɗaya, kuma ya yi daidai da na jinin mutum biyu daga zuriyar Susan, ƙanwar Jesse. Da aka duba rumbun samfura 2,426, ba a sami mai irin wannan tsari ba. An buga rahoton a wata mujallar kimiyyar binciken laifuka a 2001.

Wajibi ne mu faɗi iyakar wannan gwaji. Ba ya iya rarrabe mutum da ɗan'uwansa na tsatson uwa ɗaya, saboda haka shi kaɗai ba ya cewa lalle wannan Jesse ne. Abin da ya nuna shi ne mamacin jinin Zerelda ne ta wajen uwa. Wannan ya fitar da kowane baƙo, ya kuma fitar da Wood Hite, wanda dangantakarsa da Jesse ta wajen uba ce. Frank kuwa ya rayu har 1915. In aka haɗa wannan da shaidun 1882, ƙofar shakka ta rufe gwargwadon yadda takan rufe a al'amuran tarihi. A shekarar 2000 magoya bayan Dalton suka sami iznin tono kabarinsa a Granbury, sai aka yi kuskure aka tono gawar wani mutum mai hannu ɗaya.

6.0 Dalilin da Ya Sa Zancen Ya Ƙi Mutuwa

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Ba daidai ba ne mu ɗauki duk wanda ya yi shakka a 1882 a matsayin wawa, domin yana da dalilai. Na farko, mafi yawan mutane ba su taɓa ganin fuskar Jesse ba, hukuma ma ba ta da hotonsa mai kyau, shi ya sa ya iya zama cikin gari da iyalinsa. Na biyu, an taɓa yin shelar mutuwarsa ta ƙarya: a ƙarshen 1879 wani tsohon abokinsa, George Shepherd, ya ce ya harbe shi, jaridu suka buga, daga baya ga shi ya sake fitowa. Na uku, kuma mafi muhimmanci, hukuma ta yi aiki a ɓoye, ta kuma yi ta kwana-kwana game da abin da aka ƙulla. Mutumin da ya ga an yanke wa masu kisa hukuncin rataya da safe an sake su da yamma, yana da haƙƙin ya tambayi me kuma aka ɓoye masa. Kuskuren ya zo ne wajen tsallakawa daga cewa an ɓoye wani abu zuwa cewa abin da aka ɓoye shi ne abin da zuciya take so.

Masanin tarihi Eric Hobsbawm, a littafinsa Bandits na 1969, ya lura cewa a ƙasashe da yawa talakawa sukan ɗauki ɗan fashin da suke ƙauna a matsayin wanda ba a cin galabarsa sai ta hanyar cin amana, kuma sukan ƙi yarda cewa ya mutu. Labarin Jesse ya bi hanyoyin biyu a lokaci guda: ga waƙar da ta yaɗu tana la'antar Ford, ga kuma jita-jitar cewa Ford bai kashe kowa ba sai baƙo. Haka aka yi da wani ɗan bindigar, Billy the Kid, wanda aka kashe a 1881, wani tsoho ya fito a 1950 yana neman afuwa da sunansa. Sai dai binciken T. J. Stiles na 2002 ya nuna cewa ƙaunar da aka yi wa Jesse ta samo asali ne daga siyasar waɗanda suka sha kashi a Yaƙin Basasa, kuma babu wata shaida cewa ya taɓa raba ganima ga matalauta. Waɗanda suka biya farashin jarumtarsa su ne ma'aji a Gallatin, da ma'aji a Northfield, da kwandasta a Winston, kuma da wuya a ji sunayensu a bakin masu neman kabarinsa na gaskiya.

7.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda mun yi ƙoƙarin nuna cewa Jesse James ya mutu ranar 3 ga Afrilu, 1882, yana da shekara 34, sakamakon wani shiri da gwamnan jiharsa yake da hannu a ciki, kuma labarin tsirarsa ya tsiro ne daga baya, ya girma a hannun masu cin riba da shi. Mun kai ga wannan matsayi ta hanyar tambayoyi huɗu: yaushe shaida ya yi magana, me zai samu ko ya rasa, shin aikinsa ya yi daidai da maganarsa, kuma mutum nawa ne za su kama bakinsu kafin labarin ya yiwu. Waɗannan tambayoyi su ne dai waɗanda kowane ɗayanmu yake fuskanta in ya zauna gaban dattijo yana ɗaukar tarihin baka, ko ya buɗe rahoton wani jami'in mulki a ɗakin adana takardu. Muna ba ɗalibanmu shawara su riƙa yi wa bayanin hukuma da jita-jitar kasuwa tambayoyin nan daidai wa daida, domin a wannan ƙissa kowannensu ya faɗi wani ɓangare na gaskiya ya kuma rufe wani.